Zaman Mutanen Sukur a Bisa Dutse

Yawancinmu a wannan makaranta 'ya'yan fili ne, mun tashi a ƙasar da garma ta ke tafiya sambal, jaki kuma ya kai kaya har ƙofar gida. Sabo da haka in aka ce mana ga waɗansu mutane can bisa dutse suna noma, suna aure, suna naɗa sarki, sai mu ɗauka tsoro ne kaɗai ya kai su can, kuma ba su da wani tsari na zaman duniya. Wannan zato kuwa yana da haɗari a gare mu, domin a cikinmu akwai waɗanda za a tura su koyarwa a irin waɗannan wurare, malamin da ya raina iyayen yara kuwa da wuya yaran su karɓi karatunsa. Don haka mu ka ga ya kamata mu bayyana zaman al'umma ɗaya daga cikinsu, watau mutanen Sukur, mu ga yadda abincinsu da aurensu da sarautarsu su ke ɗaure da juna.

Sukur tana cikin duwatsun Mandara, a ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, dab da iyakar Kamaru. Tsawon tudun ya wuce ƙafa 3,000. Mutanen suna kiran kansu Sakun, harshensu kuwa masana sun tabbatar dangin Hausa ne na nesa, ko da ya ke Bahaushe ba zai ji abin da su ke faɗi ba. Sarkinsu shi a ke kira Hidi. Mai zuwa wurinsa ya kan bi wata hanya mai faɗi da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga gindin tudu, ta yi ta hawa har ƙofar fada. Fadar kanta da dutse aka gina ta, an jera shi bisa juna ba tare da laka ba. Tsofaffinsu su kan ce waɗansu ƙatta biyu ne su ka yi wannan aiki a zamanin da, amma wanda ya ga yadda unguwanni su ke fitowa gayya su gyara hanya da fada ya san hannun da ya yi shi.

Abu na fari da ya ke riƙe da ransu shi ne ƙasa. A gangaren dutse ruwan sama ɗaya ya isa ya share ƙasar gona ya kai ta kwari. Maganin da su ka yi wa wannan shi ne, sun yanka gangaren hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa sun tokare shi da 'yar katangar dutse. In ruwa ya sauko sai katanga ta rage masa gudu, ya tsaya ya nutse, ƙasa kuma ta zauna inda ta ke. A nan su ke shuka dawa da gero da wake da gyaɗa. Kowace shekara kafin shuka sai mai gida da iyalinsa su bi katangun suna mai da duwatsun da su ka zube, domin in mutum ɗaya ya yi sakaci da tasa, ruwan da ya ɓalle daga gonarsa gonar na ƙasa da shi zai ci. Ka ga ke nan tun daga gona maƙwabci ya ke da bakin magana cikin sha'anin maƙwabcinsa.

Gidan mutumin Sukur ɗakuna ne zagayayyu na dutse da laka, da jinkar ciyawa, da rumbuna, an kewaye su da katanga. A cikinsa akwai wani abin da ba mu saba gani ba, watau ɗakin sa. Su kan haƙa shi ya nutsa cikin ƙasa, a sa maraƙi a ciki, a riƙa kai masa ciyawa da ruwa har ya yi ƙiba, ba ya fita kiwo. Dalili kuwa a fili ya ke: inda kowane taƙi na ƙasa gona ne, ba a sakin dabba ta yi ɓarna, ga shi kuma takin da ya taru a ɗakin shi a ke kwasa a kai gona. Ran da aka yanka san nan don biki, ba mai gida kaɗai ya ke ci ba, sai an raba wa dangi da surukai, kowa da rabonsa. Wanda aka kai wa da wanda aka tsallake, kafin dare duk unguwa ta ji, ta kuma san tsakanin wa da wa zumunci ya yi ƙarfi, tsakanin wa da wa ya yi sanyi.

Wannan ya kawo mu ga labarin iyali. Mutanen Sukur sun kasu zuri'a-zuri'a, ɗa yana bin zuri'ar ubansa, namiji kuwa ba ya aure cikin zuri'arsa, sai ya nemo mata daga wata. Sabo da haka kowane gida yana da 'ya a wani gida, yana da uwa daga wani. Haihuwa ko rashin lafiya ko mutuwa in ta auku a unguwa ɗaya, matan nan su ne su ke kai labarinta sauran unguwanni, a bakin rijiya da masussuka da hanyar kasuwa. Maƙera su kaɗai ne su ke aure a junansu, matansu kuwa su ne masu ginin tukwane. Shekara biyu-biyu a kan yi wa samari bikin shiga sahun manya, wanda su ke kira Ber, daga nan ne yaro ya ke zama namijin da za a saurara wa. Da rani kuma akwai bikin Yawal, wanda Hidi ya ke fitowa jama'a su taru a gabansa. A yau da yawa daga cikinsu Kirista ne, akwai Musulmi, akwai kuma masu bin addinin kakanninsu.

Abu na biyu da ya ɗaukaka sunansu shi ne ƙarfe. A da, bayan ruwa ya ɗauke a kan tattara baƙin yashin tama a cikin rafuka, a ƙona gawayi, da rani a hura tanderu da zugazugi har tama ta zama ƙarfe. A Sukur a wancan zamani ba maƙera kaɗai su ke wannan aiki ba, manoma ma suna yi, gida-gida. Su kan buga ƙarfen ya zama sanduna, fatake su zo daga filayen Barno su saya, su kawo abinci da kayan da tudu ba ya bayarwa. Da sandunan nan kuma a ke biyan dukiyar aure a wancan zamani. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya ji labarin ƙarfin Sukur a 1851 sa'ad da ya ke tafiya daga Kukawa zuwa Yola, ko da ya ke bai hau tudun ba.

To, ina ƙarfin Hidi ya ke fitowa? Turawan mulki na farko sun ɗauka wani babban sarki ne mai tsarki wanda ya mallaki ƙasashe. Amma masana biyu, Nicholas David da Judy Sterner, waɗanda su ka zauna a Sukur cikin 1992 da 1993, sun nuna ba yawan mayaƙa ne ya ɗaga shi ba. Aikinsa shi ne ya kiyaye zaman lafiya da maƙwabta don a sami tama da gawayi, ya kuma tsare baƙin da su ka zo sayen ƙarfe. Sarautar tana cikin zuri'a ɗaya, Dur, amma sauran zuri'o'i suna riƙe da muƙamai na fada da na addini, waɗanda in babu su Hidi ba ya iya gudanar da biki ko yanke magana. Gidajen Dur kuwa su kan yi takara a junansu, kowane mai neman sarauta yana dogara ga surukansa da dangin uwarsa, har ya zama da yawa daga cikin masu riƙe da ita tuɓe su aka yi. Ashe ke nan wanda ya san wa ya auri 'yar wa, ya san rabin siyasar garin.

Wahala ta zo musu daga fili. Hamman Yaji, wanda ya riƙe Madagali tun 1902 zamanin Jamus, ya yi ta kai musu hari yana kama bayi, ya kuma sa aka rubuta hare-haren cikin littafinsa na yau da kullum da ya fara a 1912. Ingilishi sun karɓi riƙon ƙasar a 1922, su ka tuɓe shi a 1927, amma Sukur ta ci gaba da zama ƙarƙashin hakimin Madagali da En'e ta Adamawa. A 1961 mutanen wannan yanki su ka jefa ƙuri'a su ka zaɓi zama cikin Nijeriya. Wajen wannan lokaci ne kuma narka tama ya mutu, domin ƙarfen tsofaffin motoci da na kanti ya fi araha. Da kasuwar ƙarfe ta watse, abin da Hidi ya ke tsarewa ya ragu, magidanta da yawa kuma su ka sauka gindin tudu neman gona mai faɗi da makaranta da asibiti, har a ke cewa Sukur Sama da Sukur Ƙasa. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta fari a Nijeriya. A 2014 'yan Boko Haram su ka hau tudun su ka ƙona gidaje har da ɗakunan fada, daga baya mutane su ka komo su ka sake yin jinka.

Abin tsoro a yanzu shi ne ƙarancin hannu. Katangar gona ba ta jure shekaru ba gyara, in samari su ka ƙare a tudu, ƙasar da kakanni su ka tara za ta bi ruwa. Malamin da aka tura irin wannan wuri, in ya koya wa yaro karatu ya kuma koya masa jin kunyar aikin ubansa, ya taimaki ruwan nan ne. Ya kamata ya fara gai da dattawa, ya san zuri'ar kowane yaro, ya san watan gyaran katanga da na biki kafin ya tsara aikinsa, ya kuma tambaya kafin ya gyara. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma kiyashe mu da raina abin da ba mu sani ba, amin.