Shirin Zuwa Fatsa A Kogin Gongola

'Yan'uwa dalibai, ran hutun da ke tafe ni da abokaina uku za mu bi hanyar Gombe da ta ratsa ta garinmu Inkil, mu sauka Dindima inda gada ta ƙetare Kogin Gongola, mu gwada wata irin fatsa da Turawan Ingila ke kama kifi da ita. Na ga ya kamata in bayyana muku shirin da muka yi, domin wata rana ɗayanku zai kai yaran ajinsa bakin ruwa, alhakinsu kuwa yana wuyansa.

Ita wannan fatsa ba a sa mata tana. Gashin tsuntsu ake ɗaura wa ƙugiya da zare har ta yi kama da ƙwaro, a jefa ta bisa ruwa. Kifi ya ga kamar fara ce ko shinge ya faɗo, sai ya taso ya cafke. Da ya ke ƙugiyar ba ta da nauyi, Turawa su kan yi igiyar da kauri, watau nauyin igiya shi ke kai ƙugiya nesa. Sandarsu ta kan kai ƙafa 9. Mu dai gora muka sara, muka sayi zaren roba a kasuwa, muka tsinto gashin zabo. Kawara muke fata, gama ita ce mai son cin ƙwari a saman ruwa. Tsage kuwa haƙoransa su kan datse zare, sai an haɗa da ɗan guntun waya.

Abu na farko shi ne jagora, domin da ɗan gari a kan ci gari. Mun sami wani dattijo masunci, na ce masa, "Baba, me za mu kawo?" Ya ce, "Ɗana, ku kawo kunnuwanku, inda na ce kada ku taka, kada ku taka." Shi ya san gurbi mai zurfi da inda kada ke kwanciya, shi ne kuma zai kai mu mu gai da Sarkin Ruwa mu nemi izini. A daidaita ladansa tun ba a tashi ba, kada a yi ta gardama a bakin kogi.

Na biyu, lokaci. Gongola daga tsaunukan Jos ya taso, ya gangara har ya faɗa Binuwai a Numan. Da damina ya kan cika ya yi ja wur, kifi ba ya ganin ƙugiya, mutum kuma ba ya iya tsayawa. Sai da rani, ruwa ya janye ya yi garau, sa'an nan a tafi da sassafe ko da la'asar.

Na uku, kaya. A ɗauki malafa da tabarau, domin ƙugiya ta kan juyo da iska ta nufi ido. A danne ƙayar ƙugiya da filaya yadda in ta soki yatsa za ta fita ba wuya. A sa takalmin roba saboda santsin duwatsu, a riƙe ruwan sha daga gida. In an kamo ƙurungu a yi hankali da ƙayarsa, minjirya kuwa kada a taɓa ta da hannu, gama tana da lantarki a jiki.

Na huɗu shi ne ya fi duka muhimmanci, watau cuta. Lokacin da na je gwajin koyarwa na tarar da yara da dama a ajina suna fitsarin jini, iyayensu na cewa ai alamar girma ce. Ba haka ba ne, tsargiya ce. Tsutsarta tana fitowa daga katantanwa a kwantaccen ruwa, ta huda fata ta shiga jiki. Saboda haka ba za mu yi wanka a kududdufi ba. Inda ruwa ke gudu bisa duwatsu kuma nan wani ɗan baƙin ƙuda ke hayayyafa, cizonsa ke kawo makanta a hankali. Tun 1987 ake ba da maganin wannan cuta, Mectizan, kyauta, amma rigakafi ya fi magani. A sa dogon wando da riga mai dogon hannu.

Daga ƙarshe, duk ƙaramin kifin da muka kama za mu mai da shi ruwa, domin abincin masunta ne na baɗi. In mun komo lafiya, ko da kifi ko babu, zan ba ku labarin abin da gashin zabo ya yi.