Bibi Bakare-Yusuf da Gidajen da Babu Littafi

A shekarar 2003 Bibi Bakare-Yusuf ta dawo Najeriya daga Ingila, inda ta zauna tun tana 'yar shekara 13 har ta yi digirin digirgir a Jami'ar Warwick. Aikin bincike ne ya kawo ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Abin da ta tarar ya dame ta. Za ta shiga shagon sayar da littattafai ta ga na addini, na jarrabawa, da na koyar da dabarun yin arziki, amma ƙagaggun labaran da 'yan Afirka suka rubuta sai an tona. Marubutan Najeriya na ta suna a Landan da New York, 'yan ƙasarsu kuwa ba sa samun littattafan. Gidajen 'yan boko ma haka: kujeru na alfarma, talabijin, babu ma'ajiyar littafi ko ɗaya.

Mutane da yawa sun ga wannan kafin ita, suka ce ai baƙar fata ba ya karatu, suka wuce. Ita sai ta ɗauki matsalar ta wata fuska: ta yaya mutum zai saba da abin da ba ya iso hannunsa? A 2006 ita da Jeremy Weate suka kafa kamfanin buga littattafai na Cassava Republic a Abuja, garin da aka fi sani da ma'aikatu da neman kwangila.

A wannan shekarar ce kuma gwamnatin tarayya ta ba kamfanin RCC kwangilar gina hedkwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa, a tsakiyar birni, tsakanin Masallacin Ƙasa da babbar majami'ar Kiristoci, a kan Naira biliyan 8 da 'yan kai. An ce ba za a kai shekara biyu ba za a gama. Duk mai wucewa ta wurin ya san yadda ta kaya. Har zuwa Satumban 2025 ginin na tsaye ba a kammala ba, sai da uwargidan shugaban ƙasa, Oluremi Tinubu, ta roƙi masu son yi mata kyautar cika shekara 65 su zuba kuɗin a asusun ƙarasa shi, aka tara fiye da Naira biliyan 20. Yaron da aka haifa ranar da aka sa hannu a kwangilar ya isa shiga jami'a bai taɓa zama a ɗakin ba.

Bibi ba ta jira gini ba. A 2007 ta buga Every Day Is for the Thief, littafin farko na wani matashi da ba a sani ba, Teju Cole, wanda ya fara zuba rubutun a intanet. Sai a 2014 manyan kamfanonin Amurka da Ingila suka fitar da shi. Da can hanyar ɗaya ce, a buga a waje a kawo mana da tsada. Wannan karon kaya daga Abuja suka tashi.

Abin da ya fi shafar mu 'yan Arewa ya zo daga baya. A 2015 kamfanin ya fitar da Born on a Tuesday na Elnathan John, labarin wani almajiri, Ɗantala, da rikicin zaɓe ya kora zuwa Sakkwato. A can ya koyi Turanci a wurin abokinsa, yana tara sababbin kalmomi a littafin rubutu, kuma wannan tarin ne ya ba shi bakin ba da labarinsa da kansa. Shekara ta zagayo suka kai Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, ɗan jaridar Daily Trust a lokacin, kasuwar Ingila, bayan kamfanin Parrésia ya buga shi a gida. Labarin Hajiya Binta ne, bazawara 'yar shekara 55 a Mararaba, nan bakin Abuja, da soyayyar da ta ƙullu tsakaninta da wani matashin ɗan daba. Wasu sun yi tsaki, ba mamaki. Amma wanda ya karanta shi zuwa ƙarshe ba zai sake kallon gyatumar unguwarsu a matsayin wadda zuciyarta ta yi ritaya ba, kuma a ganina babban amfanin karatun labari ke nan: ya zaunar da kai a cikin ran wanda kullum kake wucewa ba ka tambayi damuwarsa ba.

Mu dai bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Tun shekarun 1980 matan Kano suka riƙa karɓar hayar littattafan Balaraba Ramat Yakubu da takwarorinta, littafi ɗaya ya zaga gida goma har bangonsa ya cire, ba tare da wani kamfe na gwamnati ba. Labarin ya yi kama da rayuwarsu, kuɗin bai fi ƙarfinsu ba, mai shagon haya kuma yana bakin layi. Sabo da karatu ba ya buƙatar fiye da haka.

A 2016 littattafai uku suka kai zagayen ƙarshe na gasar adabi ta NLNG, mai kyautar Dala dubu 100. Biyu daga ciki su ne na Elnathan da na Abubakar, na ukun Night Dancer na Chika Unigwe. A watan Oktoba aka sanar da Abubakar ne ya lashe. A shekarar ce kuma Cassava Republic ta buɗe ofis a Landan, ta fara sayar wa Turawa labarin Sakkwato da na Mararaba.