Zanzibar Ko Maleshiya: Ina Ango Zai Kai Amaryarsa?

Har yau Hausa ba ta tsayar da suna guda ga tafiyar nan da ango da amarya kan yi bayan an watse daga biki ba. Wasu kan ce watan zuma, wanda aro ne tsagwaronsa daga Larabci da Turanci, kuma duk wanda ya ji shi ya san rigar aro ce. Wasu kan ce yawon amarci, kuma ni nan na fi karkata, domin dama muna da cin amarci, yawon ne kawai baƙo. A da, makon farko na amarya a ɗakinta take yin sa, ana sayen baki, ana buɗar kai, dangi na kai da kawowa har a kai gara. Yau kuwa likita ya auri ma'aikaciyar banki, kowannensu da hutun kwanaki ƙidayayyu, sai ka ji tun kafin a ɗaura aure ana muhawarar wace ƙasa za a je. Ba zan tsaya jayayya kan dacewar al'adar ba, ta riga ta shigo. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake zaɓen wurin zuwan, wanda galibi hoton da aka gani a Instagram ke yanke hukuncinsa, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Maganar kuwa ta fi ƙarfin wasa, saboda kuɗi ne na sabon gida ake shirin kashewa. Kafin watan Yunin 2023 farashin dala a hukumance bai wuce naira 460 da 'yan kai ba, amma zuwa Fabrairun 2024 ya haura naira 1,500. Wanda yayansa ya kai matarsa ƙetare a 2019 ya ce shi ma sai ya yi, ya sani cewa da sabon lissafi zai yi. Kuma tafiyar da aka ci bashi aka yi ta, ko aka yi ta rai a ɓace, ita ce takan zama tushen gorin farko tsakanin ma'aurata.

Dubai ce ke fara zuwa bakin mutanenmu, sai dai ni ba na sa ta a wannan sahu. Wurin sayayya ce, kuma daga Yuni zuwa Satumba zafinta kan wuce digiri 40, mutum ya wuni a cikin kanti. Ga kuma darasin da aka koya, domin a Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza, ba a dawo da ita ba sai a Yulin 2024. Santambul ta fi ta tarihi nesa ba kusa ba, ga Aya Sofiya da aka kammala tun shekarar 537, ga fadar Topkapi, amma wanda ya kai 'yar Sakkwato can a watan Janairu ya kai ta ɗaurin sanyi ne. Saboda haka na taƙaita a kan wurare biyu da nake ganin su ne zaɓin gaske ga matasan da ke son teku da natsuwa da abincin da ba sai an yi ta tambayar yadda aka yanka ba, wato Zanzibar da Maleshiya.

Mu fara da nisa, tun da shi ne abin da ba ya fitowa a hoto. Daga Kano ko Abuja mutum kan bi ta Adis Ababa, ya yi kamar awa biyar a sama, ya sauya jirgi, ya ƙara kamar awa uku ya sauka Zanzibar. Agogonsu ya riga namu da awa biyu kacal, jiki ba ya ma lura. Maleshiya kuwa babu jirgin da ke zuwa can kai tsaye daga ƙasar nan. In ta Doha aka bi, zango biyu ne, kowanne kamar awa bakwai, ban da zaman jira a tsakani. Agogonsu ya riga namu da awa bakwai, ma'ana lokacin da ake kiran sallar Magariba a Zariya, su can dare ya raba. Kwana biyun farko barci ke cinye su, rana ta zama dare, dare ya zama rana. Mai hutun mako guda da ya nufi Kwala Lamfur, in ya cire kwanakin hanya da na gyangyaɗi, abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba.

To, me ke Zanzibar? Tsibirai ne a Tekun Indiya, manyansu Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a Afrilun 1964 aka sami Tanzaniya. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, kuma tun 1840 da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa can daga Maskat, ta zama cibiyar cinikin kanumfari da hauren giwa da bayi. Tsohon birninta, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, lunguna ne matsattsu da ƙofofin katako masu sassaƙa, wanda duk ya taɓa ratsa cikin birnin Kano da ƙafa ba zai ji baƙunta ba. A nan ne kasuwar bayin da aka rufe a 1873 take, an gina coci a kanta, an kuma bar ɗakunan ƙarƙashin ƙasa don masu ziyara. Ba wurin nishaɗi ba ne, amma ban ga laifin ango da amarya su ba shi awa guda cikin kwanakinsu ba. Ginin nan da ake kira Baitul Aja'ib, wanda ake yawan sawa a hotunan talla, wani sashensa ya rufta a Disamban 2020, don haka kada a tafi dominsa.

A nan mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan shiga fagena. Bahaushe a Zanzibar yakan ji kamar yana sauraron wani ɗan'uwa da aka raba su tun suna yara. Suwahili da Hausa ba dangin juna ba ne, ɗaya daga zuriyar harsunan Bantu yake, ɗaya daga ta Cadi, amma rijiya ɗaya suka sha, wato Larabci. Mu mun ce labari, su sun ce habari. Littafinmu kitabu ne a wurinsu, lokacinmu wakati, sabulunmu sabuni, kanumfarinmu karafuu. Bambancin da ke ba ni sha'awa shi ne mu mun haɗiye kalmomi da yawa tare da "al" ɗinsu na Larabci, shi ya sa lam ta maƙale a goshin labari da littafi da lokaci, su kuwa suka yar da ita. A kasuwa abin ya fi daɗi, domin ishirini da thelathini da arobaini da hamsini ba sa bukatar tafinta, amarya za ta iya taya kaya da bakinta tun ranar farko. Sai dai akwai tarko guda. Masu Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙidayar awa, saboda haka saa moja ta safe ita ce ƙarfe bakwai namu, saa mbili kuma ƙarfe takwas. Mai kwale-kwalen da ya ce ku haɗu saa mbili, da safe yake nufi, wanda ya jira ƙarfe biyu na rana zai tarar an tafi an bar shi.

Bakin tekun ma sai an zaɓa. A gabashin Unguja, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa sosai sau biyu a yini, har mata su shiga su kula da gonakinsu na ciyawar teku. Abin kallo ne, amma mai son shiga ruwa duk lokacin da ya ga dama sai ya nufi arewa, wajen Nungwi da Kendwa. Kuma a faɗi gaskiya, manyan otal-otal na bakin ruwa don Turawa aka tsara su, akwai giya, akwai shigar da za ta sa 'yar gidan malamai ta rasa inda za ta ajiye idonta. Maganin wannan shi ne ƙaramin masauki mai keɓantaccen waje, a kuma tambaya tun kafin a biya.

Inda Zanzibar ke ba ɗan Nijeriya wahala shi ne takardu. Tanzaniya ta daɗe tana sa masu fasfon Nijeriya da na Nijar cikin rukunin da ba a ba su biza a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida an tantance su, kuma hakan kan ɗauki makonni. Ango mai hankali ba ya sayen tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Daga 1 ga Oktoban 2024 kuma gwamnatin tsibirin ta wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44, ko da yana da wata daga gida.

Maleshiya wata duniya ce dabam. Zanzibar hutawa ake zuwa yi, ita kuwa Maleshiya gani ake zuwa yi, kuma ga ɗan arewa mai ilimi ganin yana da ɗan ɗaci. Ƙasa ce da ta sami 'yanci a 1957, shekara uku kafin mu, daga hannun Turawan da suka mulke mu. Tun daga sama, kafin jirgi ya sauka, abin da ido ke fara gani shi ne gonakin kwakwar manja iya hange, itaciyar da asalinta Afirka ta Yamma ne, wadda aka fara nomanta don kasuwa a can a 1917. A cikin birni ga tagwayen benayen Petronas masu hawa 88, waɗanda suka riƙe kambun tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004, da kuɗin man fetur aka gina su, irin wanda mu ma muke da shi. Na san wasu za su ce wannan ba tunanin amarci ba ne. Haka ne, amma ma'auratan da za su yi shekaru suna gina gida tare ba su yi asara ba in sun ga yadda wasu suka gina ƙasa.

Ta fuskar sauƙin rayuwar Musulmi kuwa, da wuya a sami na biyunta. Hukumar JAKIM ce ke ba da shaidar halal, tambarinta na manne a ƙofar gidajen abinci, kuma kusan kowane babban kanti da tashar mota na da ɗakin salla da suke kira surau. Mace mai lulluɓi ba ta zama abin kallo. Abincinsu ma ba zai ba mu tsoro ba: satay tsire ne ƙanana da miyar gyaɗa, nasi lemak kuma shinkafa ce da aka dafa da madarar kwakwa. Ɗan itacen nan durian ne kawai zan ce a yi hattara, warinsa ya sa otal-otal da yawa suka hana shiga da shi, mu masu daddawa dai ba mu da bakin yi musu dariya. Sunayen ranakunsu, Ahad da Isnin da Selasa da Rabu da Khamis da Jumaat da Sabtu, namu ne sak, kuma suna da nasu ajamin mai suna Jawi. Turanci na biyan bukata a birane. Biza dai wajibi ce, da katin rigakafin shawara, wanda Tanzaniya ma ke nema. A kuma riƙe takardar shaidar aure, domin jihohin ƙasar na da dokar hana keɓewar Musulmi namiji da mace marasa aure, kuma amaryar da fasfonta ke ɗauke da sunan mahaifinta ba ta da wata hujja sai wannan takarda.

Saura lokaci, wanda shi ne ke rushe shiri mafi kyau. Bukukuwanmu sun fi yawa a Disamba da kuma gab da azumi, wanda a 'yan shekarun nan ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Maris. Babbar daminar Zanzibar, wadda suke kira masika, daga Maris zuwa Mayu take, ruwa kamar da bakin ƙwarya, wasu otal-otal ma rufewa suke yi. Mafi daɗin watanninta Yuni zuwa Oktoba ne, sai Janairu da Fabrairu in ana jure zafi. Ƙarshen Disamba kuwa lokacin hutun Turawa ne, farashi kan yi tashin gwauron zabi. A Maleshiya, tsibiran gabas irin su Perhentian da Redang kan rufe daga Nuwamba zuwa Fabrairu saboda iska da ruwa, a daidai lokacin da Langkawi ta yamma ke cikin sararinta. Wanda aka ɗaura wa aure a Disamba ya ga hoton Redang ya biya, ya sayi tikitin kallon ruwan sama.

Na san akwai iyayen da za su ce, in dai akwai kuɗin jirgi, me ya hana Umra? Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya zaɓi haka bai yi zaɓen tumun dare ba. Abin lura kawai shi ne a kira kowace tafiya da sunanta. Umra ibada ce mai cunkoso da gajiya, niyyarta dabam, kada a yi wa yarinya alkawarin hutu a kai ta ɗawafi, ko a fake da ibada a wuni a kantunan Jidda.

In aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Masu mako guda, waɗanda hidimar biki ta gajiyar, waɗanda kuma galibi ba su taɓa zama su biyu na tsawon yini ba tare da wani ya yi sallama ba, su tafi Zanzibar, muddin sun fara neman biza wata biyu kafin biki. Kwana biyu a tsohon birni, sauran a Nungwi, ya wadatar. Masu kwana goma sha huɗu da aljihu mai ɗan nauyi, musamman in amarya mai son birni ce da zaman bakin ruwa zai gundura, su tafi Maleshiya su raba kwanakin tsakanin Kwala Lamfur da Malaka da Langkawi. Na ce in amarya mai son birni ce, domin na lura sau da yawa ango da abokansa ke yanke shawarar, ita sai dai ta ji a bakin ƙawaye, alhali ita ce za ta baro gidansu ta bi baƙo zuwa baƙuwar ƙasa. A tambaye ta tun kafin a je wurin dillalin tikiti.

Kuma duk inda aka nufa, a ware kuɗin tsaraba tun daga gida a sa shi cikin lissafi, don gwaggo da inna da ƙannen ango ba za su karɓi hoto a madadinta ba. A nan ma Zanzibar ta fi sauƙi: kanumfari da kirfa da zannuwan kanga ba su da nauyi a akwati, ba su da tsada, kuma kanumfarin zai shiga kunu da yajin gidan surukai har bayan shekara.