Asalin tauraro a wasan kwaikwayo na tebur: abin da kirari da zancen bori na Adar ke nuna mana

1. Gabatarwa

Wasan da Faransawa ke kira jeu de rôle ya fito kasuwa a Amurka a 1974, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka buga Dungeons & Dragons. Tsarinsa ba wuya. Mutum huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da bakinsa. Mutum ɗaya, wanda za mu kira uban wasa, shi ke faɗin inda ake da abin da ya taso. In an yi shakkar ko wani aiki zai yiwu, sai a jefa ƴan duwatsu masu lamba irin na ludo, su raba gardama. Ba a rubuta labarin tun farko. A baki ake saƙa shi.

Abu ɗaya ne akan rubuta kafin a zauna, wato asalin tauraro: daga ina ya fito, ɗan wane ne, me ya baro a baya. A wannan ƴar maƙala muna so mu nuna cewa Hausa tana da hanyarta ta yin wannan aiki, kuma hanyar ta nahawu ce kafin ta zama ta adabi. Misalanmu daga Adar muka ɗauko su, ƙasar Tawa da yammacinta har Tebaram.

2. Asali iri biyu

Idan aka ce wa ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci ya rubuta asalin tauraro da Hausa, abin da ya fi saurin zuwa masa shi ne irin (1). Mu muka ƙirƙiri misalan biyu don wannan bayani.

(1) An haife shi a wani ƙauye kusa da Tebaram. Da ya kai shekara 12 sai ubansa ya rasu, sai ya tafi Tawa ya koyi dukanci. Suka ɓata da maigidansa, ya wuce Abijan, ya sami kuɗi, ya komo gida.

(2) Ƙi-zuga ɗan maƙera. Mai bashin raƙumi a kasuwar Tawa. Wan Hajo, wadda aka aurar ba ya nan. Ba ya shan ruwan rijiyar gabas.

Babu kuskuren nahawu a (1). Amma a dubi aikatau ɗinsa: bayan jimlar farko, duka suna cikin shuɗaɗɗen lokaci na biyu, wanda ake jera labari da shi (ya rasu, ya tafi, suka ɓata). A Adarci ma siffar ta fi fitowa fili, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa Le haoussa de l'Ader (1991): sunka ɓata, yat tahi, yac ce. Aikin wannan lokaci shi ne ya rufe kowane al'amari kafin ya buɗe na gaba. Uba ya rasu, an wuce. An ɓata da maigida, an wuce. Da tauraron ya komo gida da kuɗinsa, labarinsa ya ƙare tun ba a fara wasa ba. Uban wasa bai da abin kamawa.

A (2) kuwa kusan babu jerin aukuwa. Akwai harɗaɗɗen suna mai siffar umurni (ƙi-zuga, tsarinsa ɗaya da dafa-duka da hana-salla), akwai mai da suna, akwai sunan zumunta (ɗan, wan), sannan jimlar korewa cikin lokaci mai ci. Duk waɗannan ba su ɗaure da wani lokaci. Bashin raƙumin yana nan ba a biya ba. Mai raƙumin yana iya ɓullowa a kowane zama. Hajo tana gidan miji, kuma ba a faɗi ko ta yafe wa wanta ba. Rijiyar gabas ba a bayyana dalilinta ba, da gangan. Jimla huɗu, ƙofa huɗu a buɗe. Mai karatu zai lura cewa (2) tsarin kirari ne, ba na tatsuniya ba.

3. Abin da bori ya riga ya warware

Sai mu yi hattara a nan. Bori ba wasa ba ne a wurin masu shi. Wanda iska ya hau, doki ko goɗiya, ba ya cewa kwaikwayo yake yi. Ba aƙida muke kwatantawa ba, dabarar harshe ce kawai: ta yaya taron jama'a ke gane iska guda cikin ɗimbin iskoki, cikin ɗan lokaci, ba tare da an karanta musu tarihinsa ba?

Nicole Échard, wadda ta daɗe tana bincike a Adar, ta buga littafinta kan borin Adar da Kurfai a 1989. Fremont Besmer ya yi nasa kan borin Kano a 1983, inda ya nuna yadda ake raba iskoki gida 12 a birninsu na Jangare. Jerin iskokin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kayan gane su iri ɗaya ne: suna, taken da makaɗi ke yi, kirari, tufafi, abin da iskan ke so da abin da ya ƙi, sannan matsayinsa cikin dangi. A ɗauki Ɗan Galadima. Abin da ɗan kallo ya sani game da shi bai wuce kalma kaɗan ba: ɗan sarauta ne, ɗan ƙwalisa, mai caca, mai kyauta har ya tsiyace. Wannan ya isa kowa ya san yadda zai tarye shi da abin da zai roƙa. Ba wanda ke tambayar shekarar da aka haife shi.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cewa iska ba ya tsayawa shi kaɗai. Wane ɗan wane ne, wance matar wane ce, wannan ba ya ga maciji da wancan. Saboda haka in biyu suka sauka fili ɗaya, zance ya riga ya samu. Wannan shi ne babban abin da (1) ya rasa: duk mutanen da ke cikinsa an kashe su ko an baro su a baya, kuma ba ɗayansu da ke zaune a teburin.

Asalin iska yana iya fitowa daga tarihi na kusa. A 1925, a ƙasar Filinge, wata mace mai suna Shibo da mabiyanta suka fito da sabbin iskoki, Babule, masu kwaikwayon sojan Nasara. Kumandan Crocicchia ya sa aka kama su aka kulle a Yamai. Ba a daɗe ba shi kansa ya shiga jerin iskokin da sunan Kumandan Mugu. Kalma biyu ke nan, muƙami da hali, suka ɗauke tarihin duka. Waɗannan iskoki ne Jean Rouch ya ɗauka a fim ɗinsa Les Maîtres fous, wanda ya fito a 1955.

4. Masu wasan tebur ma sun biyo wannan hanya

Wasan Traveller na 1977 ya bi tsarin (1) har ƙarshensa: ana jefa duwatsu don a jera shekarun aikin tauraro, kuma yana iya mutuwa tun wasa bai soma ba. Bugun Dungeons & Dragons na 2014 kuwa ya nemi a rubuta abubuwa gajeru: hali, abin da tauraro ya yi imani da shi, abin da ya ɗaure shi da wasu, da aibinsa. Wato an koma kusa da (2). Bambancin da ya rage, a ganinmu, shi ne na mai magana. A littattafan nan ɗan wasa shi ke rubuta nasa, da wakilin suna na mutum na farko. A Hausa kuwa, in an ɗebe kirarin da ɗan dambe ko ɗan kokawa ko mafarauci ke yi wa kansa, galibi wani ne ke yi wa mutum kirari. Maroƙi ne ke faɗin asalinka, a gaban jama'a, kai kuma ka amsa ko ka kau da kai.

Daga nan shawara ta fito: kowane ɗan wasa ya kawo jimla biyu ta tauraronsa, na kusa da shi ya ƙara masa ta uku. Ta haka asali ba zai zama sirrin da ke kwance cikin kaye ba. Wasan barkwanci tsakanin taubasai ko tsakanin ƙabilu, kamar Fulani da Barebari ko Fulani da Arawa, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado da sunan Nijar a 2014, shi ma hanya ce mai sauƙi: kalma ɗaya ta asali ta ba taurari biyu izinin tsokanar juna.

Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Nijar, irin ta Yazi Dogo a Damagaram, da haka suka yi aiki: a yarda da jigo da matsayin kowa, maganar kuma ta zo a fili. Janet Beik ta bayyana wannan a littafinta na 1987.

5. Nauyin kalmar asali

Tarihin Adar cike yake da abin ɗauka: zuwan Agabba, ɗan Sarkin Agadas, a 1674, wanda Djibo Hamani ya yi nazarinsa a 1975, zaman Azna da sarautar da ta same su, tafiyar samari bida zuwa Abijan, yunwar 1984 da jama'a suka laƙaba wa El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya. Jimla ɗaya daga cikin waɗannan ta fi shafi uku na ƙagaggiyar masarauta.

Sai dai kalmar da muka zaɓa, asali, ba ta da sauƙi a arewacin Adar. A littafin Turawa, a ce tauraro ɗan bayi ne ko ɗan maƙera ado ne kawai. A ƙasar Tawa magana ce da ke hana aure. Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003, kuma shari'ar Hadijatou Mani, wadda kotun CEDEAO ta yanke a 2008, daga wannan jiha ta taso. Misalinmu na (2) kansa bai kuɓuta ba: ɗan maƙera da ya ƙi zuga yana iya zama abin dariya ga wani, ga na kusa da shi kuwa labarin gidansu ne. Don haka jimla ta uku, wadda maƙwabci ke ƙarawa, muna ganin a taƙaita ta ga bashi, alkawari, ko abin da tauraro ya ƙi. Jimlar da ta shafi dangi da sana'ar gado a bar wa mai tauraron ya faɗe ta da bakinsa.