Agogon Waya da Tafiyar Rana: Abin da Matafiyi Zai Kiyaye

 Yau kusan kowa a waya yake duba lokaci. Waya kuwa tana saita agogonta da kanta, ba ka taɓa komai ba. A gida wannan sauƙi ne. Amma in mutum ya ƙetare boda, sauƙin nan yana iya sa ya rasa mota, ko ya ci sahur bayan alfijir ya keto. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ya sa lokacin ƙasashe ya bambanta?

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta digiri 360. In ka raba 360 gida 24 za ka samu 15. Ke nan kowane digiri 15 awa ɗaya ne, kowane digiri ɗaya minti 4. Na gabas yana riga na yamma ganin fitowar rana, yana kuma riga shi ganin faɗuwarta.

Kakanninmu fatake da suke tasowa daga Kano zuwa Salaga sayen goro ba su san wannan rikici ba. Watanni suke yi a hanya da jakuna, kullum suna duba rana da inuwa, bambancin yana shiga kaɗan-kaɗan ba a ji. Da jirgin ƙasa da wayar tangaraho suka zo, sai ya zama dole a yi lokaci ɗaya da kowa zai bi. A 1884 aka yi taro a Washinton ta Amurka, aka amince a fara ƙirga daga layin da ya bi ta Girinwich a birnin Landan.

Layin nan ba baƙonmu ba ne. Ya shigo Ghana ta Tema, ya bi ta Yendi, ya wuce gabas da Bawku wajen Sankase. Shi ya sa lokacin Ghana shi ne wanda ake kira GMT, ba ƙari ba ragi. Togo, Burkina Faso, Mali da Kodebuwa duk agogonmu ɗaya da su. Benin, Nijar da Najeriya suna gabanmu da awa 1. Saudiyya tana gabanmu da awa 3.

Daga ina waya take samun lokaci?

Abu biyu waya take nema: ainihin lokacin duniya, da kuma yankin da take ciki. Tana samun su daga ƙarfen sabis na kamfanin waya, ko daga intanet, wata kuma tana duba inda kake a taswira. Daga nan matsala take fitowa ta hanya uku.

Ta farko, layinka na Ghana bai kama sabis a ƙasar da ka je ba. Wayar za ta ci gaba da nuna lokacin gida, ba za ta ce maka komai ba. A ce ɗan kasuwa ya tafi Yamai, an ce masa mota za ta tashi 6:00 na safe. Ya sa ƙararrawa, ya isa tasha wayarsa tana nuna 6:00 daidai. Amma a Yamai 7:00 ta yi, mota ta daɗe da tafiya, kuɗin tikiti ya bi ruwa.

Ta biyu, bakin boda. Sabis bai san shinge ba. Waya tana iya kama ƙarfen ƙasar maƙwabta alhali kana wannan gefe. Mu a Tempane ko wayarka ta kama sabis na Togo ba komai, agogo ɗaya ne. Amma tsakanin Togo da Benin, ko tsakanin Burkina da Nijar, agogo zai iya tsalle gaba da baya da awa guda a dare ɗaya.

Ta uku, gyara biyu. Mutum ya ƙara awa da hannunsa tun a mota, daga baya ya kunna saitin kai-da-kai ko ya canza yanki, sai lissafi ya ruɗe, bai san wanne ne daidai ba.

Akwai ƙasashen da suke matsar da agogo

A Ingila, daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, suna tura agogo gaba da awa 1. Don haka a Janairu lokacinmu ɗaya da Landan, a Yuli kuwa sun riga mu da awa. Masar ma ta dawo da irin wannan tsari a 2023. Ghana ba ta yi, Saudiyya ba ta yi. In kana da ɗan uwa a Turai, kada ka riƙe lissafi ɗaya shekara duka.

Alhazai da tikitin jirgi

Tun 2016 alhazan arewa suke tashi daga filin jirgin Tamale. Ga ƙa'idar da za ku gaya wa duk mai niyya a gidanku: lokacin da aka rubuta a tikiti, na garin da abin zai faru ne. Na tashi na garin tashi, na sauka na garin sauka. A ce tafiyar awa 6 ce, jirgi ya tashi 10:00 na dare. A Ghana zai sauka 4:00 na asuba, amma tikiti zai ce 7:00 na safe, don lokacin Saudiyya ne. Wajen dawowa, in ya tashi Jidda 12:00 na rana, zai sauka 3:00 na yamma agogonmu. Masu zuwa tarbar Hajiya su lura, kada su sake cire awa uku daga abin da an riga an cire.

Haka kiran waya. Alhaji ya idar da Asuba, 6:00 ta yi a Makka, ya ce bari ya gai da gida. A Tempane 3:00 ce ta dare, mutanen gida su farka a firgice suna zaton wani abu ya faru.

Salla rana take bi

Wannan shi ne babban darasi gare mu ɗalibai. Agogo yarjejeniya ce ta gwamnatoci. Lokacin salla kuwa da alfijir, zawali, inuwa da faɗuwar rana aka ɗaure shi. Kano tana gabas da Bawku da kusan digiri 9, wato rana tana riga faɗuwa can da kamar minti 35, amma agogonsu ya riga namu da minti 60. In Magariba ta yi a Bawku 6:15, a Kano ta yi tun 5:40 agogonmu, wanda su suke kira 6:40. Kun ga ƙara awa guda a kan jadawalin gida ba zai ba ka lokacin sallar can ba.

Manhajar kiran salla ma sai an lura da ita. In ka je Kano da azumi alhali tana kan Bawku, za ta kira Asuba bayan alfijir ya keto da fiye da rabin awa, kai kana ta cin tuwo. In baƙo ya zo mana daga Kano bai canza tasa ba, zai sha ruwa rana tana sama.

Darasi daga masu nutso a teku

Masu yawon buɗe ido da suke zuwa Bahar Maliya, wajen Sharm el-Sheikh, suna nutsewa ƙarƙashin ruwa da tulun iska a baya. A can ƙasa iskar naitirojin tana taruwa a jiki. In suka hau jirgin sama da wuri, tana iya zama kumfa a cikin jini, ta jawo ciwo mai tsanani. Shawarar masana ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa. In agogo ya yi tsalle a tsakani, mutum zai ga kamar ya cika awannin alhali da saura. Jiki awannin da suka wuce yake ƙirgawa, bai damu da abin da fuskar waya ta nuna ba. Haka yake ga tsohon da likita ya ce ya sha magani duk bayan awa 8 ko 12. Kafin tafiya ya tambayi likita yadda zai jera shi.

Abin yi in za a yi tafiya

1. Tambayi bambancin awa kafin ka tashi, ka rubuta a takarda.
2. Da ka sauka, gwada wayarka da agogon filin jirgi, tasha ko masallaci.
3. In ba su dace ba, kashe saitin kai-da-kai, ka zaɓi sunan garin da kake. Kada ka juya awa da hannu.
4. Canza gari a manhajar salla, amma ladanin unguwa shi ne abin bi.
5. Bar agogon hannu ɗaya a kan lokacin Ghana, don kira da magani.
6. In za ku sa lokaci da wani, ku faɗa sarai: agogon Ghana ko na can?

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yawancin iyayenmu mu suke miƙa wa waya mu gyara musu, to mu koyi wannan tun kafin lokacin Hajji ya zo. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, ya sa albarka a karatunmu. Amin.