Tunani, magana da shaida: yadda masu karatu suka karɓi littafin Alfred Bester a kan karanta zuci da kisan kai

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa ra'ayin masu karatu ya rabu game da wani sanannen ƙagaggen labarin kimiyya, wato The Demolished Man na Alfred Bester. An fara buga shi kashi uku a mujallar Galaxy ta Amurka a 1952, ya fito a matsayin littafi a 1953, kuma kamfanin Denoël ya buga fassararsa ta Faransanci, L'Homme démoli, a 1955. Kalmar da Faransanci ke kira télépathie, wadda Frederic Myers ya ƙirƙiro da Ingilishi a 1882, za mu fassara ta a nan da "karanta zuci".

2. Ƙumshiyar labarin

Labarin yana faruwa a ƙarni na 24. Akwai masu karanta zuci aji uku, wasunsu cikin ƴan sanda, saboda haka an yi fiye da shekara 70 ba wanda ya shirya kisan kai ya yi nasara. Wani attajiri, Ben Reich, ya kashe abokin gasarsa Craye D'Courtney. Don ya ɓoye niyyarsa, sai ya cusa wa kansa wata ƴar waƙa mai maƙalewa a ka, yana ta nanata ta a zuci. Shugaban ƴan sanda Lincoln Powell ya gane shi tun da wuri, amma kotu ba ta karɓar abin da aka karanto daga zuciyar mutum. Dole Powell ya kawo hujja ta zahiri a gaban wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke tantance ƙararraki.

3. Karɓar farko da ta baya

Masu karatun farko sun yi marhabin da littafin: a 1953, a taron Philadelphia, ƙuri'arsu ta ba shi lambar Hugo ta farko da aka taɓa bai wa dogon labari. A 1994 ma shirin talabijin Babylon 5 ya raɗa wa wani ɗan sanda mai karanta zuci sunan Bester don girmama marubucin.

Masu karatun baya suna yabon saurin labarin, amma sukan tsaya a wurare biyu. Na farko shi ne warwarar ƙulli: a ƙarshe an gano D'Courtney mahaifin Reich ne, kuma ƙiyayyar da ke ɓoye a zuciyar ɗan ita ta jawo kisan. Wannan bayani na mazhabar Freud yana da farin jini a Amurka ta 1952. Yau darajarsa ta ragu ƙwarai. Na biyu shi ne ƴar mamacin, Barbara, wadda aka mayar da hankalinta na jaririya don a yi mata magani, sannan soyayya ta shiga tsakaninta da Powell. Abin da Hans Robert Jauss ya kira horizon d'attente, wato abin da mai karatu ke tsammani, ya sauya, littafin kuwa yana nan yadda yake.

4. Matsalar harshe

Ɓangaren da bai tsufa ba, a ganinmu, shi ne wanda ya shafi harshe. A darussan Saussure da aka buga a 1916 an nuna cewa magana tana bin layi ɗaya, sauti bayan sauti. Vygotsky kuma ya nuna a 1934 cewa zancen zuci gajere ne, yakan yar da abin da mai shi ya riga ya sani. To, yaya za a rubuta tunanin mutane da yawa da ke gudana lokaci guda? Bester ya karya layin: ya saƙa jimlolin masu karanta zuci a kan shafi, ana karanta su a tsaye da a kwance, ya kuma rubuta sunaye da alamomi, kamar @kins da Wyg&. Wanda ya saba da saƙon wayar hannu ba ya mamakin sunayen, amma saƙar jimlolin har yanzu tana raba masu karatu: wasu na ganinta gwaninta, wasu wasan ɗab'i kawai.

Abin lura kuma shi ne cewa kisan ya taso daga kuskuren fassara. Reich ya aika wa D'Courtney tayin haɗe kamfanoninsu, amsa ta zo cikin kalmar sirri mai nufin amincewa, shi kuwa ya karanta ta a matsayin ƙi. Da wannan ya bayyana, sai hujjar Powell ta neman riba ta rushe. Ke nan ko a duniyar da zuciya ke buɗe, ma'ana tana hannun mai fassara, kuma sani ba ya zama shaida sai ya bi ta harshe.

5. Kammalawa

Tambayar ta wuce ƙagaggen labari. A 2023 masu bincike na Jami'ar Texas da ke Austin, ƙarƙashin Alexander Huth, sun nuna cewa na'ura na iya tsinto gundarin labarin da mutum ke saurare daga hoton aikin ƙwaƙwalwarsa. Sai dai aikin na buƙatar haɗin kan mutumin: idan ya shiga jero sunayen dabbobi a zuci, sai na'urar ta rikice. Dabarar Reich ke nan. Wannan ne ya sa ake ci gaba da karanta littafin duk da tsufan bayaninsa na Freud, kuma ya cancanci kulawar masu nazarin ma'ana: wane ne ke da ikon fassara tunanin wani, kuma da wane sharaɗi fassarar za ta zama hujja a gaban alƙali?