A AJIYE WAYA, A DUBI JUNA: HUTUN DA IYALI KE BUƘATA

'Yar'uwa mai juna biyu, ki dubi tsakar gida bayan sallar isha'i a gidaje da yawa na Dutse, Kiyawa ko Jahun. Maigida yana bin labarai a waya, uwargida tana kallon fim, yara kuma sun zagaye talabijin ko suna rigima a kan wayar mama. Kowa yana gida, amma ba mai magana da kowa. Kafin wayar salula ta bazu a Nijeriya daga 2001, wannan lokaci ne na hira da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Waya tana da amfani mai yawa, sai dai jikinki da na 'ya'yanki suna buƙatar hutu daga gare ta.

Barcinki

Da dare ƙwaƙwalwa tana fitar da wani sinadari mai suna melatonin, wanda ke kawo barci. Hasken waya yana jinkirta fitowarsa, fim ko hirar WhatsApp kuma suna hana hankali kwanciya. Dama mai ciki tana fama da yawan fitsari da ciwon baya cikin dare. Idan aka ƙara da waya har tsakar dare, sai ki wayi gari a gajiye. Ki ajiye ta awa ɗaya kafin ki kwanta.

Motsin ɗanki

Wajen wata na biyar yawancin mata ke fara jin motsin ciki. Ki ware lokaci kullum, ki kwanta a gefen hagu ba tare da waya ba, ki lura da yadda ɗanki ya saba motsi. Wadda ta san sabon ɗanta ita ce ke saurin gane ranar da motsin ya ragu, ta zo asibiti da wuri. A watannin ƙarshe kuma jariri yana jin muryarki, har ya gane ta bayan haihuwa. Saboda haka ki riƙa yi masa magana.

Bayan haihuwa

Sabon jariri ya fi ganin abin da ke nesa da shi da santimita 20 zuwa 30, wato kusan tazarar da ke tsakanin nono da fuskarki. Lokacin shayarwa ne yake fara sanin fuskar uwarsa. Idan idonki yana kan waya, wannan dama ta wuce. Yaro yana koyon magana ne daga wanda ke amsa masa in ya yi gwaranci ko murmushi, abin da waya ba ta iyawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara game da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara 2 ba a gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta kuma ce yaro mai shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar aƙalla minti 180 na wasa da motsa jiki kullum. Miƙa wa yaro waya don ya yi shiru yana kawo sauƙi yau, amma gobe ba zai yi shiru ba sai da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda za a fara

Wannan aiki ne na kowa a gida. Maigida, kai ne za ka fara, domin yaro ba zai yarda ya ajiye abin da babansa ke riƙe da shi ba. Ku zaɓi lokaci ɗaya, misali daga magariba zuwa bayan cin tuwo, a tara wayoyi a faifai ɗaya, a kashe talabijin. Kaka ta yi wa jikoki tatsuniya, yara su yi langa ko 'yar carafke. Ke kuma ki ɗan taka a tsakar gida ko zuwa maƙwabta da yamma. Hukumar nan ta ba mai ciki mai lafiya shawarar motsa jiki na minti 150 a mako. Yara za su yi ƙorafi a kwanakin farko. Ku yi haƙuri, za su saba.

Kada a kashe wayar

Hutu ba ya nufin a kashe waya. Ki bar ta da caji da kati, da lambar maigida da ta mai motar da zai kawo ki asibiti, musamman idan kina ƙauyen da ke nesa da Dutse. Idan kika ga zubar jini, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, fashewar faya ko raguwar motsin ciki, kada ki tsaya neman magani a intanet. Ki taho asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Idan kina da tambaya, ki yi wa ungozoma ranar awo. Allah Ya sauke ki lafiya.